Otto Hahn: Masanin da ya tsaga ƙwayar zarra, da jirgin dakon kayan da ya gaji sunansa

Ranar 13 ga Yuni, 1964, jama'a suka yi dafifi a masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Howaldtswerke da ke birnin Kiel, a arewacin Jamus ta Yamma, domin ganin yadda za a sauke wani sabon jirgin dakon kaya cikin ruwa. Daga cikin manyan baƙi akwai wani dattijo ɗan shekara 85, wanda sunansa ne aka rubuta a goshin jirgin. Shi kuwa jirgin an tsara shi ne ya ratsa teku ba tare da kwal ko baƙin mai ba. Abin da zai tura shi shi ne zafin da ke fita idan ƙwayar zarrar yuraniyom ta tsage biyu, wato abin da wannan dattijo, Otto Hahn, ya gano a ɗakin gwajinsa na Berlin shekara 25 da 'yan watanni kafin wannan rana. Tsakanin ganowar da bikin, duniya ta riga ta ga abin da ya sami Hiroshima da Nagasaki, kuma babu wanda ya fi Hahn sanin nauyin da sunansa ke ɗauke da shi.

An haife shi ranar 8 ga Maris, 1879, a birnin Frankfurt. Shi ne autan gidan wani mai sana'ar gilashi da ya yi arziki, wanda ya so ɗan nasa ya karanta zanen gine-gine. Yaron ya fi karkata ga ilimin sinadarai. Ya shiga Jami'ar Marburg a 1897, ya sami digirin digirgir a 1901, kuma burinsa bai wuce ya sami aiki mai albashi a masana'anta ba. Kamfanin da ya yi masa tayin aiki yana son wanda ya iya Turanci, shi ya sa a 1904 ya tafi Landan, ya zauna a ɗakin gwajin William Ramsay da niyyar koyon harshe. Ramsay ya ba shi wani gishirin sinadari ya ce ya tace rediyom daga ciki. Garin wannan aikin ne Hahn ya ci karo da wani abu mai fitar da tururin haske wanda ba a san shi ba, aka sa masa suna rediyotoriyom. Maganar aikin kamfani ta sha ruwa ke nan. Ya wuce Kanada wajen Ernest Rutherford a Montreal, sannan a 1906 ya dawo Berlin, inda aka ba shi wani tsohon shagon kafinta a ƙarƙashin ginin cibiyar Emil Fischer ya mayar da shi ɗakin gwaji.

A wannan shagon ne, a 1907, ya fara aiki da Lise Meitner, masaniyar fiziks da ta zo daga Vienna. A lokacin Fischer ba ya barin mata su shiga cibiyarsa, don haka ta wata ƙofa daban take shigowa, kuma ba ta da izinin hawa ɗakunan sama. Shi gwani ne wajen raba sinadarai da tace su, mai haƙurin maimaita gwaji ɗaya sau goma har sai ya gamsu. Ita kuma ta iya lissafi, ta san abin da ma'aunai ke nufi. Sun shekara talatin suna aiki tare, suka koma sabuwar Cibiyar Kaiser Wilhelm ta nazarin sinadarai a unguwar Dahlem a 1912, suka gano sinadarin furotaktiniyom, suka sanar da shi a 1918.

Akwai wani babi na rayuwarsa da masu yabonsa kan tsallake da sauri. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914 aka kira shi soja. A farkon 1915 Fritz Haber ya jawo shi cikin rundunar da aka kafa domin yaƙi da iskar guba. Hahn ya nuna cewa hakan ya saɓa wa yarjejeniyar Hague, aka ba shi amsa cewa Faransawa ne suka fara, kuma makamin zai gaggauta ƙarshen yaƙi har ya ceci rayuka. Ya yarda da hujjar, ya shiga aikin. Ya yi ta zaɓen wuraren da za a saki iskar a fagen daga na yamma da na gabas. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa ya ga sojojin Rasha suna shure-shuren mutuwa bayan wani hari, ya yi ƙoƙarin taimaka musu da na'urar numfashi, amma aikin gama ya gama. Hujjar da aka ba shi a 1915 ita ce kusan wadda aka kafa shekara talatin bayan haka domin kare jefa bam a kan Japan.

Da Hitler ya hau mulki a 1933, Hahn yana shugabantar cibiyar ta Dahlem. Bai shiga jam'iyyar Nazi ba, ya ajiye koyarwa a Jami'ar Berlin, kuma a Janairun 1935 ya tsaya gaban jama'a a taron tunawa da Haber, wanda ya rasu a gudun hijira saboda asalinsa na Bayahude, duk da cewa hukuma ta hana ma'aikatanta halarta. Wannan ba ƙaramar jarumta ba ce a wancan zamani. Sai dai bai bar kujerarsa ba, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ofishi a ƙarƙashin gwamnatin da ba ya so ya san irin lissafin da ake yi: a kare ma'aikata, a kare kasafin kuɗi, a yi shiru a nan domin a samu a yi magana a can. Lissafin ya zo kan Meitner a Maris ɗin 1938, lokacin da Jamus ta haɗiye Ostiriya, fasfonta ya tashi daga aiki, dokokin wariyar Yahudawa suka hau kanta. Hahn ya je ya tattauna da ma'ajin ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin cibiyar, ya dawo da saƙon cewa gara ta daina zuwa aiki. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma kuma shi ne ya taimaka mata ta haɗa kaya a daren ƙarshe, ya ba ta zoben lu'ulu'un mahaifiyarsa ko za ta buƙaci abin sayarwa a hanya. Ranar 13 ga Yuli, 1938, ta tsallaka iyakar Holan, daga bisani ta zauna a Stockholm.

Shekara huɗu kafin wannan rabuwa, su biyun tare da wani matashin masanin sinadarai, Fritz Strassmann, suna bin sawun gwajin da Enrico Fermi ya fara a Rum: a riƙa harba ƙwayoyin niyutiron a kan yuraniyom, a duba abin da zai fito. Kowa ya ɗauka cewa abin da zai fito sinadarai ne masu kusan nauyin yuraniyom, domin ilimin fiziks na lokacin bai yarda cewa ƙaramar ƙwaya irin niyutiron za ta iya fasa babbar cibiyar zarra ba. Wata masaniya, Ida Noddack, ta taɓa faɗin yiwuwar hakan a 1934, ba wanda ya kula ta. A tsakiyar Disamban 1938 Hahn da Strassmann suka yi ta ƙoƙarin raba abin da suke zaton rediyom ne daga bariyom, ya ƙi rabuwa, domin shi kansa bariyom ne. Yuraniyom na lamba 92 a jadawalin sinadarai, bariyom na lamba 56. Wato cibiyar ta dare kusan gida biyu. Ranar 19 ga watan Hahn ya rubuta wa Meitner wasiƙa yana neman ta samo bayani, domin shi ya tabbatar da abin da ya auna amma bai san yadda zai yiwu ba. Suka aika da maƙalarsu ranar 22, ta fito ranar 6 ga Janairu, 1939, babu sunan Meitner a kai. Ita kuwa, tare da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch, a hutun Kirsimeti a wani ƙaramin gari na Suwidin, ta yi lissafin da ya warware matsalar, ta nuna yadda cibiyar ke tsagewa da kuma ɗimbin makamashin da ke fita a kowace tsagewa.

Ba a cika shekara bakwai ba aka mayar da wannan lissafi bam. Hahn bai ƙera makami ba. A shekarun yaƙi cibiyarsa ta ci gaba da tantance gutsattsarin da tsagewar ke bari, a ƙarƙashin shirin yuraniyom na gwamnatin Jamus, har bama-bamai suka rusa ginin a 1944 aka kwashe aikin zuwa Tailfingen a kudu. Can ne dakarun ƙawance suka kama shi a Afrilun 1945. Aka kai shi Ingila tare da wasu masana tara, aka tsare su wata shida a wani gida da ake kira Farm Hall kusa da Cambridge, wanda aka dasa wa na'urorin sauraren sirri. Ranar 6 ga Agusta jami'in da ke kula da su ya fara sanar da Hahn labarin Hiroshima kafin sauran. Rahoton jami'in ya nuna cewa labarin ya karya shi, yana ganin alhakin dubban rayuka na wuyansa, har abokan zamansa suka raba dare suna sa masa ido don gudun kada ya hallaka kansa. A wannan gida ne kuma, cikin Nuwamba, ya ji a jarida cewa an ba shi kyautar Nobel ta ilimin sinadarai ta shekarar 1944.

Shi kaɗai aka ba. Ya karɓa a Stockholm a Disamban 1946, Meitner tana zaune cikin masu kallo. Laifin kwamitin Nobel ne da ya bar ta a waje, amma Hahn ma yana da nasa kason, domin bayan yaƙi ya riƙa bayyana ganowar a matsayin nasarar ilimin sinadarai zalla, kamar shekarun da suka yi tare ba su taka rawa ba. Shekaru da dama gidan tarihin kimiyya na Munich yana nuna teburin gwajin da sunan Hahn, ba a ambaci matar da ta tsara yawancin na'urorin da ke kai ba. Tun a 1945 Meitner ta rubuta masa wata wasiƙa mai zafi, tana tuhumarsa da sauran abokan aikinsu cewa sun yi wa gwamnatin Nazi hidima ba tare da ko turjiyar zama a gefe ba. Wasiƙar ba ta kai gare shi ba. Duk da haka zumuncinsu bai yanke ba har ƙarshen rayuwa. Sai a 1966 Amurka ta haɗa su uku, shi da ita da Strassmann, a kyautar Enrico Fermi. Bayan rasuwarsu aka sa wa sinadari mai lamba 109 sunan Meitner. An so a sa wa mai lamba 105 sunan Hahn, shawarar ba ta ɗore ba.

Sauran rayuwarsa ya ƙarar da ita ne a aikin ofis da gargaɗi. Ya shugabanci Ƙungiyar Max Planck tun kafuwarta a 1948 har 1960, yana sake gina binciken kimiyya a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita. A 1955 yana cikin jagororin sanarwar Mainau, wadda masu kyautar Nobel 18 suka fara sa wa hannu suna jan kunnen gwamnatoci game da yaƙin nukiliya. A Afrilun 1957, lokacin da gwamnatin Konrad Adenauer ke shirin bai wa sojan Jamus ta Yamma makaman nukiliya, Hahn da wasu masana 17 suka fitar da sanarwar Göttingen, suka ce ba za su sa hannu a ƙera makamin, ko gwada shi, ko amfani da shi ba. A cikin sanarwar kuma suka jaddada goyon bayansu ga amfani da makamashin ta hanyar lumana. Ga mutum irin Hahn wannan rabe-rabe yana da muhimmanci fiye da yadda yake ga kowa. Idan akwai amfanin lumana, to abin da ya gano ba mutuwa kaɗai ya haifa ba.

A wancan zamani kuwa babu abin da ya kai jirgin ruwan kasuwanci dacewa da wannan fata. Shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya yi jawabinsa na amfani da nukiliya domin zaman lafiya a Majalisar Ɗinkin Duniya a Disamban 1953. Jirgin yaƙin ƙarƙashin teku na Nautilus ya nuna tun 1955 cewa tukunyar nukiliya tana iya tura jirgi. Tarayyar Sobiyet ta fito da Lenin, jirgin fasa ƙanƙara, a 1959, shekarar da Amurka ta sauke Savannah, jirgin kaya da fasinja na farko mai aiki da nukiliya. A Jamus ta Yamma, da aka ɗage takunkumin binciken nukiliya a 1955, aka kafa wani kamfanin bincike mai suna GKSS a Geesthacht, kusa da Hamburg, a 1956, musamman domin sa nukiliya a jiragen kasuwanci. Cikin waɗanda suka kafa shi akwai Kurt Diebner da Erich Bagge, tsofaffin 'yan shirin yuraniyom na zamanin yaƙi, waɗanda aka tsare tare da Hahn a Farm Hall. Jirgin da aka sauke a Kiel aikin wannan kamfani ne.

Tsawonsa ya kai kimanin mita 172, an gina shi domin dakon ma'adinai da kuma bincike, shi ya sa aka tanadi ɗakuna ga masana ban da ma'aikatan jirgi. Tukunyarsa tana ba da zafin megawat 38. Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta: sandunan yuraniyom suna ɗumama ruwan da aka matse ƙwarai don kada ya tafasa, wannan ruwa ya miƙa zafinsa ga wani ruwan daban ya zama tururi, tururin ya juya injin da ke murza farfela. Tukunyar ta fara aiki a Agustan 1968. Hahn bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a Göttingen ranar 28 ga Yuli, yana da shekara 89, bayan wata faɗuwa da ya yi. Matarsa Edith ta bi shi bayan mako biyu, Meitner kuma ta rasu a Cambridge cikin Oktoba. Ɗansa ɗaya tilo, Hanno, wanda ya rasa hannu a fagen dagar Rasha, ya riga su tun 1960 a haɗarin mota a Faransa.

Ta fuskar injiniya jirgin bai ba kowa kunya ba. Daga 1969 aka damƙa shi a hannun Heinrich Lehmann-Willenbrock, tsohon kwamandan jirgin yaƙin ƙarƙashin teku a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1970 ya je Maroko ya ɗauko ma'adinin fosfet da ake takin zamani da shi. Kafin a sauya masa makamashi a 1972 ya yi tafiyar mil 250,000 na teku da kilo 22 kacal na yuraniyom mai lamba 235. Jirgin baƙin mai da zai yi irin wannan tafiya sai ya sha dubban tan, ya kuma sadaukar da wani sashe na cikinsa ga tankuna. A cikin shekara goma Otto Hahn ya yi balaguro 126, ya ci mil 650,000, ba tare da wata babbar matsala a tukunyarsa ba.

Abin da ya kayar da shi yana kan tudu, a ofisoshin gwamnatoci da na kamfanonin inshora. Jirgin kaya dukiyarsa ita ce 'yancin shiga duk tashar da kaya suke. Shi kuwa wannan, kafin ya shiga ruwan kowace ƙasa sai an yi doguwar tattaunawa tsakanin gwamnati da gwamnati a kan wanda zai biya diyya idan haɗari ya auku, da iyakar diyyar, da inda zai tsaya, da matakan gaggawa. An rattaba hannu a kan wata yarjejeniya a Brussels a 1962 domin daidaita alhakin masu jiragen nukiliya, amma har yau ba ta fara aiki ba. Saboda haka a duk tsawon aikinsa tashoshi 33 kawai ya shiga, a ƙasashe 22, yawancinsu a Afirka da Kudancin Amurka. Ma'aikacin da aka kawo wa takardar neman izini yana da dalilinsa: idan ya sa hannu aka wanye lafiya babu mai tuna shi, idan aka sami matsala sunansa ne a ƙasan takardar. Ga kuma lissafin kuɗi. Tukunya da garkuwarta ta ƙarfe da kankare suna da tsada da nauyi, ma'aikatan suna buƙatar horo na musamman da albashi mai tsoka, jirgin kuma bai kai girman da rarar kuɗin mai za ta rufe waɗannan ba. An yi shirin gina babban jirgin kwantena da zai gaje shi, babu kamfanin sufuri da ya yarda ya zuba kuɗinsa.

Takwarorinsa ma ba su tsira ba. An ajiye Savannah a farkon shekarun 1970, gab da tashin farashin mai na 1973. Mutsu na Japan ya sami yoyon tururin nukiliya a gwajinsa na farko a 1974, masunta suka hana shi komawa tasharsa na tsawon makonni, bai kuwa taɓa dakon kayan kasuwa ba. Na huɗu kuma na ƙarshe shi ne Sevmorput na Tarayyar Sobiyet, wanda ya fara aiki a 1988 a tekun arewa mai ƙanƙara, inda tashoshin duk na ƙasa ɗaya ne. Yanzu da Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta ɗauki alkawari a 2023 cewa za a kawo ƙarshen hayaƙin da jirage ke ƙara wa duniya nan da wajen 2050, maganar nukiliya ta sake tasowa a tarukan masu jirage, kuma tambayoyin diyya da inshora da izinin shiga tasha su ne dai waɗanda aka bari tun zamanin Otto Hahn.

A 1979 aka kashe tukunyar jirgin. Aka cire ta aka kai Geesthacht aka adana, aka wanke gangar jikin jirgin daga duk wani gurɓataccen abu, sannan a farkon shekarun 1980 aka sa masa injin dizal aka mayar da shi jirgin kwantena. Aka goge sunan Hahn daga goshinsa. Ya yi ta sauya hannu da suna fiye da shekara ashirin da biyar, yana shiga duk tashar da ya ga dama, har 2009 da aka kai shi gaɓar tekun kudancin Asiya aka farfasa shi. Tsohon bututunsa yana ajiye a gidan tarihin jiragen ruwa na Jamus da ke Bremerhaven.